Daga Karta Zuwa Mario: Tarihin Nintendo da Kaset Mai Ruwan Ɗorawa

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a Tambuwal cikin shekarun 1990, ko kuwa ya riƙa shigowa daga Kebbe ko Sanyinna ko Dogon Daji, da wuya a ce bai taɓa leƙa irin shagon nan da yara ke kira shagon gem ba. Ɗan ɗaki ne da benci biyu, da talabijin a kan tebur, da wata 'yar na'urar roba wadda ake soka wa kaset mai ruwan ɗorawa a ka. Ka ba mai shago 'yan kuɗinka, ya miƙa maka abin dannawa, sai ga wani ɗan gajeren mutum mai gashin baki da jar hula ya bayyana, yana gudu yana tsalle yana dukan bulo da ka. Mariyo muke ce masa. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar wasa, to, kuɗinka sun tafi ke nan, sai fa in mai shago na da ɗan janareta, yana kuma da imani.

Iyayenmu ba su ƙaunar wurin ko kaɗan. Akwai wani dattijo a unguwarmu wanda in ya ga mun fito daga ciki sai ya girgiza kai ya ce, "Ɗiyan ga, wanga abu ƙanen karta na." Mu kuwa mu yi ta dariya a ɓoye, muna ganin tsoho bai san zamani ba. Sai da muka girma muka shiga harkar karatu da rubutu, sa'an nan muka gane ashe tsohon ya faɗi tarihi ne ba tare da ya karanta shi ba. Kamfanin da ya ƙirƙiro Mario, wato Nintendo na ƙasar Japan, da karta ya fara, kuma ya shekara fiye da 80 yana buga ta kafin ya yi wasan talabijin ɗinsa na farko.

Abin da ya sa muka kawo wannan batu gaban 'yan'uwa marubuta shi ne, mun san ayyukan nan kamar yunwar cikinmu, amma ba mu san masu su ba. Kaset ɗin da muka yi wasa da shi ba ya ɗauke da sunan kamfanin, balle na mutumin da ya zauna ya tsara labarin. Tamkar mutum ne ya haddace littafi daga farko har ƙarshe, alhali an yage bangonsa tun kafin ya zo hannunsa. To, bangon nan muke so mu mayar.

Mai Karta na Kyoto

Ranar 23 ga Satumba 1889, zamanin Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba, shekara 14 kafin Turawa su ci Sakkwato, wani mai sana'ar hannu da ake kira Fusajiro Yamauchi ya buɗe ɗan shago a Kyoto, tsohon babban birnin Japan. Karta yake yi da hannu, irin wadda suke kira hanafuda, ma'ana kartar furanni. Ƙwaya 48 ce, an kasa ta gida 12 bisa watannin shekara, kowane wata da furensa ko itacensa, kuma babu lamba a jikinta. Rashin lambar nan da dalili. Turawan Fotugal ne suka kai wa Japanawa karta a ƙarni na 16, har sunan da suke kiranta da shi, karuta, a bakinsu suka are shi, kuma mun san kunnen Bahaushe ba zai baƙunci kalmar ba. Da hukuma ta ga caca ta yi yawa sai ta hana. Masu yi kuma suka riƙa sake mata kama, a hana wannan su ɓullo da waccan, har aka iso ga mai furanni. A zamanin Fusajiro an riga an sassauta doka, ciniki ya buɗe.

Manyan abokan cinikinsa kuwa 'yan caca ne. A gidan caca ba a yarda da tsohuwar karta, kowa na tsoron an yi mata alama, saboda haka sabuwa ake ɓarewa a kai a kai. Sunan Nintendo kansa an saba fassara shi da cewa a bar wa sama sa'a, wanda ya dace da irin wannan kasuwa.

Fusajiro bai haifi ɗa namiji ba, don haka surukinsa Sekiryo ya gaje shi a 1929. A 1949 ciwon shanyewar jiki ya kwantar da Sekiryo, aka kira jikansa Hiroshi Yamauchi daga Jami'ar Waseda inda yake karatun shari'a, bai wuce shekara 22 ba, aka ce ya karɓi kamfani. Ya ce ya yarda, amma da sharaɗin kada a bar wani ɗan dangi a ciki sai shi kaɗai. Daga nan mai karatu zai iya gane irin mutumin. Ya riƙe kamfanin shekara 53, har 2002, da hannun ƙarfe, kuma abin mamaki shi ne bai damu da buga wasannin da suka sa shi ya yi arziki ba. Wasansa shi ne go, wani wasan duwatsu farare da baƙaƙe a kan allo, wanda in Basakkwace ya gani zai ce ɗan'uwan dara ne.

A 1953 ya fito da karta mai rufin roba. A 1959 ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Disney na Amurka, ya riƙa buga hotunan su Mickey Mouse a bayan karta, dabarar da ta fitar da ita daga gidan caca ta shigar da ita ɗakin yara. Amma tun a 1956, da ya ziyarci kamfanin karta mafi girma a Amurka ya ga ɗan ofishin da suke ciki, jikinsa ya yi sanyi: in wannan ne ƙarshen tsanin, to tsanin gajere ne. Sai ya shiga lalube. Ya gwada kamfanin tasi, ya gwada sayar da shinkafa mai saurin dahuwa, duk ba su yi albarka ba. Bayan wasannin Olamfik na Tokyo na 1964 kasuwar karta ta faɗi, hannun jarin kamfanin ya zube, bashi ya taru.

Makanikin da Ya Ceci Gida

Mafita ta fito daga inda ba a zata ba. A 1965 an ɗauki wani saurayi, Gunpei Yokoi, aikin kula da injinan buga karta. Aiki ne mai yawan zaman banza, sai ya ƙera wa kansa wani hannu mai miƙewa yana ɗauko abu daga nesa, don kashe lokaci kawai. Hiroshi ya gan shi da abin yayin da yake zagayen masana'anta, ya kira shi ofis. Yaro ya ɗauka korarsa za a yi, sai aka ce masa ya mayar da abin kayan sayarwa. Ultra Hand ke nan, wanda ya fito a 1966 ya sayar da fiye da miliyan 1. Daga nan mai karta ya zama mai kayan wasan yara.

A 1977 kamfanin ya fito da Color TV-Game, na'urarsa ta farko da ake jona wa talabijin. A 1980 kuma Yokoi ya kawo Game & Watch, bayan da ya ga wani ɗan kasuwa a jirgin ƙasa yana ta danna kalkuleta don gajiya da zama. 'Yar na'ura ce ta aljihu, wasa ɗaya da agogo, kuma an sayar da fiye da miliyan 43. A jikin ɗaya daga cikinsu, a 1982, aka fara ganin madannin nan mai siffar alamar tarawa, wanda babban yatsanmu na hagu ya yi kanta a kansa a Tambuwal. Aƙidar Yokoi ita ce kada a bi sabuwar fasaha mai tsada. A ɗauki wadda ta tsufa ta yi araha, kowa ya san halinta, a nemo mata sabon aiki. Mai karatu ya riƙe wannan, domin ita ce ta sa kayan Nintendo suka yi sauƙin kwaikwayo har suka iso mu.

Mai Zane da Goggon Biri

A nan ne muke so mu ɗan daɗe, domin a nan marubuci ya shigo. A 1977 an ɗauki wani matashi mai suna Shigeru Miyamoto. Ba injiniya ba ne. Zane ya karanta, kuma burinsa na ƙuruciya shi ne ya zama mai zana littattafan barkwanci. A ƙauyen Sonobe ya tashi, yana yawo a gonaki da dazuzzuka, har wata rana ya tarar da bakin wani kogo, ya yi kwanaki yana jin tsoro kafin ya ɗauki fitila ya shiga.

A 1980 reshen kamfanin na Amurka, wanda surukin Hiroshi mai suna Minoru Arakawa ke shugabanta, ya yi odar manyan akwatunan wasa irin na jefa tsaba, masu ɗauke da wani wasan harbe-harbe da ake kira Radar Scope. Kaya suka iso, kasuwa ta ƙi, kimanin 2,000 suka zauna a sito. Aka rasa wanda zai yi sabon wasa a zuba a cikinsu, sai aka ba Miyamoto, aka ce Yokoi ya duba shi. Masu yin wasanni a lokacin da na'ura suke farawa, su tambayi abin da za ta iya. Shi kuwa da labari ya fara: wani goggon biri ya sace budurwa ya hau saman ginin da ba a gama ba, wani kafinta ya bi shi, biri na gangaro masa da durorin katako yana tsallakewa. Da farko labarin Popeye aka so a yi, ba a sami lasisi ba, dole ya ƙirƙiro nasa mutanen. Donkey Kong ke nan, 1981. Ya kwashe kayan sito kaf, aka shiga ƙera sababbi.

Mu dubi yadda aka yi kafintan. Ɗigogin da ke kan allon na'urar ba su da yawa, mutum duka 'yan ɗigogi ne. Baki ba zai fito ba, sai aka sa masa gashin baki ya raba hanci da haɓa. Gashin kai na da wuyar motsawa in ya yi tsalle, sai aka kifa masa hula. Hannu ba ya rabuwa da jiki, sai aka sa masa wando mai rataya da riga mai wani launi daban. Duk abin da duniya ta san Mario da shi yau, ƙunci ne ya haife shi. Wanda ya taɓa rubuta waƙa bisa karin da ba ya karɓar gaɓa ɗaya ta ƙari, ko ya matse labari cikin shafi 40 saboda tsadar takarda, ya san wannan hali. Sunan kuwa a Amurka aka raɗa shi, daga Mario Segale, mai siton da kamfanin ke haya kusa da birnin Seattle. A 1983, cikin Mario Bros., aka sake masa sana'a ya koma mai gyaran famfo, aka ba shi ɗan'uwa mai koren kaya, Luigi.

Nasara ba ta zuwa ita kaɗai. A 1982 kamfanin fim na Universal ya kai Nintendo kotu, yana cewa birin nan nasa ne, daga fim ɗin King Kong aka sato shi. Wasu kamfanoni da aka yi wa barazana sun biya don a zauna lafiya; Nintendo ya ƙi. Lauyansa John Kirby ya tono cewa shi kansa Universal, a wata shari'a ta shekarun 1970, ya tsaya gaban alƙali ya kafa hujja cewa labarin King Kong ba mallakar kowa ba ne. Kotu ta ba Nintendo gaskiya, ɗaukaka ƙara a 1984 ma ba ta sauya komai ba. Tun daga nan kamfanin ya zama ɗaya daga cikin masu tsananin kishin haƙƙin mallaka a duniya.

Famicom da Jerin Ayyukanta

Ranar 15 ga Yuli 1983 aka fito da Famicom, 'yar na'ura fara da ja wadda injiniya Masayuki Uemura ya tsara, a kan yen 14,800. Ita ce uwar wadda muka sani. A shekarar ne kuma kasuwar wasannin bidiyo ta Amurka ta ruguje, domin kowa ya shiga yin kaset, nagari da na banza suka cakuɗe, masu saye suka gaji da asara. Hiroshi ya ɗauki darasi. Da zai kai na'urar Amurka a 1985 da sunan NES, sai ya sa mata wani ɗan kwaɗon lantarki a ciki, wanda ba ya buɗewa sai ga kaset ɗin da kamfanin ya buga da kansa. Duk kamfanin da ke son ya yi wasa sai ya nemi izini, kuma ba zai wuce wasa 5 a shekara ba. An yi ta kukan danniya, kuma kukan na da gaskiya a ciki, amma jerin ayyukan ya tsira daga shara. An sayar da na'urar kusan miliyan 62.

Cikin abin da Nintendo ya yi da hannunsa akwai Duck Hunt da Excitebike na 1984, da Ice Climber na 1985, da Metroid na 1986. Duck Hunt shi ne na bindigar roba, wanda kare ke fitowa daga ciyawa yana yi maka dariya in ka kuskure agwagwa. Yaran da suka fito gidan mafarauta ba su yafe wa karen nan ba. Mun daɗe muna gardamar yadda bindigar ke gane inda aka saita ta. Ashe ba ta harba komai. In ka ja kunama allon na yin baƙi na ƙiftawar ido, a bar farin tabo a gurbin agwagwa, wani ɗan ido a bakin bindiga ya duba ko ya ga haske.

Sarkinsu duka shi ne Super Mario Bros., wanda ya fito ranar 13 ga Satumba 1985, aikin Miyamoto da Takashi Tezuka, da kiɗan Koji Kondo, kiɗan da har yau in aka busa shi a cikin mota sai ka ga magidanci ya yi murmushi. Duniya 8 ce, kowace da zango 4, jimla 32, duk a cikin kaset wanda bai kai nauyin hoto ɗaya na wayar yau ba. Don tsimi, gajimare da ke sama da kurmin da ke ƙasa zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya. Labarin kuwa tatsuniya ce tsantsa: dodo mai siffar kunkuru ya sace 'yar sarki, talaka ya bi sawu, fada bakwai yana shiga ana ce masa ba nan take ba, sai a ta takwas. An sayar da fiye da miliyan 40.

Abin da ya kamata marubuci ya tsaya a kai shi ne buɗewar wasan. Ba mu jin Japananci, Turancinmu ma a lokacin na aji uku ne, amma ba wanda ya taɓa koya mana yadda ake yi. An ajiye Mario a hagu, ya fuskanci dama, gabansa fili: ka san inda za ka. Wani ɗan halitta ya taho a hankali, ka taɓa shi ka mutu sau ɗaya, ka koyi tsalle. Ka doki bulo mai alamar tambaya, laimar kwaɗi ta fito ta gangara, ta bugi bututu ta dawo kanka, ko ka so ka kauce da wuya ka iya, sai ka ga ka ƙara girma. Cikin daƙiƙa kaɗan an koya maka dokokin duniyar ba a ce maka uffan ba. Da yawa daga cikinmu mukan cinye babi biyu muna bayanin dangin jarumi kafin ya taka ƙafa ƙofar gida.

Kogon Sonobe kuwa ya dawo a 1986 cikin The Legend of Zelda, inda yaro ke fara tafiya ba makami, sai ya shiga kogo ya sami takobi. Wannan bai cika zuwa shagunanmu ba, domin wasa ne na kwanaki, ba na mai jiran layi a benci ba.

Yadda Kayan Suka Iso Mu

Nintendo bai taɓa buɗe shago a Sakkwato ba, kuma abin da muka buga ba nasa ba ne. Famicom ta Japan ba ta da kwaɗon nan da aka sa wa ta Amurka, kayan cikinta kuma masu araha ne bisa aƙidar Yokoi. Tun ƙarshen shekarun 1980 masana'antu a Taiwan, daga baya a ƙasar Sin, suka shiga kwaikwayonta, suna tura ta duk inda mai ita bai kai ba. A Rasha an san ta da Dendy tun 1992. Mu kuwa ta kasuwannin kayan lantarki irin su Alaba ta Legas da Sabon Garin Kano ta shigo. Tambuwal na kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi Aliero da Jega da Yauri ta gangara kudu. Motar da ta sauka da albasa ba ta dawowa wayam. Daga Tambuwal kuma kaya kan ƙarasa Kebbe da ƙauyukanta a bayan babur.

A jikin kaset ɗin akan rubuta cewa wasa 9999 ne a ciki. Mun taɓa zama mu huɗu da niyyar ƙirgawa, muka tarar 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa, a fara wannan daga zango na uku, a sauya wa wancan launi. Kuma an goge sunayen kamfanoni daga allon farko, sai duk muka ɗauka gida ɗaya suka fito. Bari mu raba gadon. Contra, na sojojin nan biyu, na Konami ne, haka Circus Charlie mai tsallake zoben wuta a kan zaki, da Road Fighter na tseren mota. Na tankar yaƙi mai gadin gaggafa, wanda ya raba abokai da yawa saboda wani ya harbi gidansu da kansa, Battle City ne na Namco, 1985, kodayake gyararren kwafinsa mai suna Tank 1990 muka fi gani. Pac-Man da Galaxian ma na Namco ne. Bomberman da Adventure Island na Hudson ne. Mario da agwagwa da babur ɗin Excitebike su ne na Nintendo.

Me ya sa ba mu taɓa tambaya ba? A ganinmu dalilin bai tsaya ga ɓarayin fasaha kaɗai ba. Mun taso ne cikin wasannin da ba su da marubuci. Ba wanda ya san wanda ya fara haƙa gidajen dara 30 a ƙasa ya raba wa kowa 'ya'ya 12, ko wanda ya fara langa. Gizo da Ƙoƙi ma tarar da su muka yi. Sai muka ajiye Mario a gefen Gizo, abin da aka gada, alhali mai shi na raye yana zuwa ofis a Kyoto. Kuma a yi adalci, shi kansa kamfanin bai kyauta wa ma'aikatansa ba ta wannan fuska. Super Mario Bros. na asali ba ya nuna sunan kowa ko da ka kai ƙarshe. A ƙarshen Zelda an rubuta sunaye, amma na ɓoye: Miyamoto ya zama S. Miyahon, Tezuka ya zama Ten Ten, Kondo ya zama Konchan. Al'adar kamfanonin Japan ce a lokacin, don kada abokan gaba su san gwanayensu su janye su. Wato kafin ɓarawo ya yage bangon, mai littafin ya riga ya shafe rabin sunan.

A wuraren da wuta ba ta da tabbas, kamar ƙauyukan Kebbe, wata na'ura ce ta fi yawo: 'yar doguwar nan mai batir biyu wadda bulo ke zubowa daga sama kana jera su. Kwaikwayon Tetris ce, wasan da Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a 1984, lokacin yana ma'aikacin cibiyar kimiyya ta gwamnatin Tarayyar Sobiyet. Shi ma bai fara cin ribar aikinsa ba sai 1996. Tetris ɗin ne ya ɗaga Game Boy, wadda Yokoi ya fito da ita a Afrilun 1989 da allo marar launi, ana yi masa dariya, ta kuwa binne abokan gasarta masu launi saboda batirinta na daɗewa. Ita da ƙanwarta mai launi sun haura miliyan 118, musamman bayan Pokémon na Satoshi Tajiri ya fito a 1996.

Dara Ta Ci Gida

Super Famicom ta fito a 1990. A lokacin Nintendo na da yarjejeniya da Sony kan na'ura mai amfani da faifai. A 1991, a wani bajekoli a Amurka, Sony ya yi shelar aikin, washegari Nintendo ya tashi ya ce shi da Philips zai yi, domin Hiroshi ya ga takardar ta ba Sony iko da abin da ke kan faifan. Sony ya haɗiye wulaƙancin, ya ci gaba shi kaɗai, a Disamba 1994 ya fito da PlayStation. Ta sayar da fiye da miliyan 100, yayin da Nintendo 64 ta 1996, wadda ta nace wa kaset, ta tsaya a wajen miliyan 33. A tsakanin nan Virtual Boy ta 1995 ta faɗi warwas. Yokoi ya bar kamfanin a 1996, ya rasu a haɗarin mota a 1997.

Abin da ya faru a Tokyo ya iso benci a Tambuwal. Faifai ya fi kaset sauƙin kwafa, kuma a kansa ƙwallo ta zo, Winning Eleven na Konami, daidai lokacin da zazzaɓin Atlanta 1996 bai sake mu ba. Cikin 'yan shekaru shagon gem ya koma filin ƙwallo, manya suka ture yara daga benci, har da masu sa kuɗi a ƙarƙashin tabarma, abin da ya ƙara gaskata dattijon unguwarmu. Kaset mai ruwan ɗorawa ya koma hannun ƙanne a gida.

Sauran tarihin a nesa muka ji shi. Satoru Iwata, wanda ya gaji Hiroshi a 2002, shi ne shugaba na farko da ba ɗan gidan Yamauchi ba. A hannunsa DS ta 2004 ta sayar da miliyan 154, Wii ta 2006 ta haura miliyan 101, sai Wii U ta 2012 ta tsaya a ƙasa da miliyan 14, har ya rage wa kansa rabin albashi maimakon ya kori ma'aikata. Hiroshi ya rasu a 2013, Iwata a 2015. Switch ta 2017 ta haura miliyan 150, magajiyarta ta fito a Yunin 2025. A 2016, wajen rufe Olamfik na Rio, Firayim Ministan Japan Shinzo Abe ya fito daga koren bututu sanye da jar hular Mario, kuma fim ɗin Mario na 2023 ya tara fiye da dala biliyan 1.

A Oktoban 2024 kamfanin ya buɗe gidan tarihi a garin Uji, kudu da Kyoto, a cikin tsohuwar masana'antar da ya riƙa buga karta. An jera kayansa tun daga hanafuda da Ultra Hand har zuwa Switch, kowane da kwalinsa da shekararsa, kuma akwai ɗakin da baƙo zai zauna ya yi kartar furanni da hannunsa, domin har yau kamfanin bai daina sayar da ita ba. Kaset mai ruwan ɗorawa ba shi da gurbi a wannan jeri, tunda ba a gidan aka haife shi ba. Namu yana nan a cikin wata tsohuwar adaka a Tambuwal, tare da littattafan firamare, takardar jikinsa ta ɗaye saura lamba 99.